Tsakanin shago da murhu: Yadda watan Disamba ke raba hankalin masu sana'ar hannu a Zuru

Da misalin ƙarfe biyar da rabi na asuba, sanyin hunturu kan sauko daga duwatsun da ke kewaye da garin Zuru ya shiga gidaje ta kowace kafa. A gidan ƙanwar mahaifiyata, wadda duk muke kira Inna, tarinta ne ke riga zakara sanar da mutanen gida cewa gari ya waye.

Za ka same ta durƙushe gaban murhu mai duwatsu uku, tana hura itacen da bai gama bushewa ba, hayaƙi na dawo mata a fuska, tana share hawaye da bakin zani. A bayanta, jikin katanga, tukwane da tuluna da kasake sun yi sahu. Wasu sun bushe suna jiran gashi, wasu ɗanyu ne an lulluɓe su da tsumma don kada iska ta fasa su.

Inna maginiya ce. Ta gaji sana'ar daga kakarmu, ta kuma ƙara da ɗan shago na langa-langa a ƙofar gida, inda take sayar da abin da hannunta ya gina da abin da take sarowa daga ƙauyuka: tabarmi, fayafayai, ƙorai, ludaya, kwanduna, muciya da tsintsiya.

Na sauka gidan saura mako uku a yi Kirsimeti, na tarar da ita da lissafi biyu a ka. Na farko shago. Ta karɓi kafin-alƙalami a hannun mutane, ta yi musu alkawarin kaya kafin biki, rabin kayan kuma ko gashi ba a yi musu ba. Na biyu madafi. Bangonsa ya yi baƙi ƙirin, rufinsa rabi kwano rabi buhu, ga shi babban ɗanta, wanda soja ne, ya bugo waya cewa zai zo hutu da amaryarsa, karon farko da za ta taka gidan.

"Ɗan nan, taura biyu ba sa taunuwa," ta ce da ni, tana mulmula yumɓu. Amma duk da haka ta sa su a baki. Kuma idan ka zaga unguwannin Zuru a wannan wata, za ka ga ba ita kaɗai ba ce.

Watan da ake cin kasuwar shekara

Masarautar Zuru tana kudancin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. Ƙasa ce ta manoma. A ƙarshen shekara ne dawa da gero da masara da shinkafa ke shiga rumbu, kuɗi kuma ya ɗan zauna a aljihun talaka.

Da an gama girbi sai bukukuwa su biyo juna. Akwai Uhola, bikin godiya na al'ummar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, inda ake kokawa da raye-raye, samari kuma su nuna sun isa shiga golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Kowane gari na yin nasa. A zamanin marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami mai ritaya, wanda ya rasu a watan Agustan 2025, an ɗaga bikin ya zama babban taron masarauta haɗe da baje kolin amfanin gona.

Sai Kirsimeti, sai sabuwar shekara, sai ɗaurin auren da aka yi ta ɗagawa tun damina. A danginmu, kamar dangogi da yawa a ƙasar Zuru, akwai mai zuwa masallaci akwai mai zuwa coci, don haka babu bikin da ke wucewa ba a ɗora babbar tukunya ba.

Akwai kuma masu dawowa gida. Zuru ta yi suna wajen haihuwar sojoji, da wuya ka shiga layi ba ka samu gidan da ke da ɗa a bariki ba. Su da ma'aikatan da ke Abuja da Kaduna da Legas kan zo da ɗan abin hannu, su koma da tsaraba. Matansu na son randa, domin ruwanta na sanyi ko babu wutar lantarki. Suna son faifai da ƙwarya da tukunyar ƙasa, wadda suka ce miyarta daban ce.

Ga maginiya, wannan ne lokacin. Da damina yumɓu ba ya bushewa yadda ake so, ita kanta tana gona. Sauran watannin kuwa roba da tukunyar dalma sun cinye kasuwa. Abin da ta samu daga Disamba zuwa ƙarshen sanyi shi ne kuɗin makarantar yara na zango na biyu, shi ne zubin adashe, shi ne takin damina mai zuwa.

Ba sabon abu ba ne hannun matan wannan ƙasa ya iya yumɓu. Tukwanen da matan Lelna suka riƙa ginawa da siffofin mutane da dabbobi, ana ɗorawa a kan kaburburan manya, suna nan a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Jikokin waɗannan mata ne yau ke rigima da mai saye a kan ɗan canjin kasko.

Haka tela yake kwana a kan keke saboda ɗinkin anko. Haka maƙeri yake dukan wuƙaƙe da murahun gawayi har dare. Kowa ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage, domin wanda ya ce a'a a Disamba zai yi da-na-sani a Yuni.

Wutar da ta tashi a masaƙa

Dalilin da ya sa rufin madafin Inna ya zama rabi buhu, labarin bara ne.

A irin wannan lokaci ta kwashi adashe, ta saro tabarmi da fayafayai da yawa. Shagon bai ɗauke su duka ba, ɗakin kwana kuma baƙi za su sauka a ciki. Sai ta jingine sauran a kusurwar madafi, inda awaki ba sa shiga. Ranar da za ta gasa tukwane a bayan gida, kowa hankalinsa na can, domin nan ake tsoron gobara: tarin ciyawa da itace da kashin shanu, wuta na ci a fili, iskar hunturu na kaɗawa. An tanadi ruwa a bokitai, an kori yara.

A cikin gida kuwa an bar wake a kan murhu. Iska ta shigo ta ƙofa, ta ɗauki tartsatsi ta ajiye a kan kaba busasshiya. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Allah Ya tsare, babu wanda ya ƙone. Maƙwabta suka kashe ta kafin ta kama ɗakuna. Amma tabarmin sun tafi, rabin rufi ya tafi, Inna kuma ta shafe watanni tana zubin adashen da ba ta ci ribar ko kwabo a kansa ba.

Na kawo wannan ne saboda a gidan mai sana'ar hannu, madafi ba wurin girki kaɗai ba ne. Nan ne sito, nan ake shanya, nan ake dafa rini, nan tela ke ɗebo garwashin dutsen guga. Kayan da suka fi saurin kamawa da wuta suna kwana taku biyu daga wutar da ba ta da shinge, a watan da iska ta fi ƙarfi, komai ya fi bushewa, hankalin mai gida kuma ya fi rabuwa.

Itace ya yi tsada, gas ya fi ƙarfin aljihu

Wani zai ce, to me ya hana a koma gas a huta? Inna tana da ƙaramar tukunyar gas, ɗanta ne ya saya mata. Tana ƙarƙashin gado, ta fi shekara babu komai a ciki.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin ɗaukar kaya ya tashi, komai ya bi shi. A 2024 kilo ɗaya na iskar gas ta girki ya haura naira 1,000 a faɗin ƙasar. Kananzir kuwa ya riga gas tsallake wannan shinge, shi ya sa risho ya zama kayan ado a gidaje da yawa. Ko da ma gas ɗin na da araha, ƙaramin kan gas ba ya ɗaukar tukunyar tuwon mutum ashirin, kuma ba ya jure tuƙin muciya.

Saboda haka aka koma wa itace da gawayi. Nan ma akwai matsala, wadda mutanen Zuru ba sa buƙatar a yi musu bayaninta. Dazukan da ake samo itace mai kyau, musamman ta ɓangaren Danko-Wasagu da Sakaba, su ne wuraren da 'yan bindiga suka addaba shekarun nan. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga aka sace ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Ɗaliban sun dawo gida, amma tsoron bai koma daji ba.

Macen da a da take shiga daji da sassafe ta yiwo itacen mako guda, yanzu ba ta yin nisa. Mai kawo itace a mota ya ƙara kuɗin kasadar ransa a kan farashi. Mutanen ƙauyukan da suka gudo cikin gari su ma girki suke yi. Ɗaurin itace bai canza suna ba, amma ya rame.

Ga maginiya abin ya zama biyu, domin itacen da za ta dafa tuwo da shi, shi ne za ta gasa tukwane da shi. Na ga Inna tsaye gaban tarin itacenta tana raba shi gida biyu kamar mai rabon gado, tana cire guda daga na girki tana mayarwa na gashi.

Murhu mai duwatsu uku kuwa ba ya tausayin itace. A buɗe yake ta kowane gefe. Iska na kwashe zafin ta watsar, harshen wuta na lasar sarari maimakon gindin tukunya. Mafi yawan zafin da itacen ya bayar ba ya shiga abincin.

Hayaƙin da aka saba da shi

Idan ka yi wa Inna maganar tari sai ta ce sanyi ne. Idan ka yi maganar ido sai ta ce tsufa ne. Kakarmu ma haka ta ce.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da mutum biliyan 2 a duniya suna girki ne da buɗaɗɗiyar wuta ko murhun da ke fitar da hayaƙi. Hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Cututtukan da ake dangantawa da hayaƙin sun haɗa da namoniya, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, kansar huhu da yanar ido.

Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa, domin su ne a bakin murhu, jariri ma yana goye a baya.

Hunturu na ƙara wani haɗarin. Da sanyi ya tsananta, sai a ɗebi garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum na barci take kashe shi. Abin takaici, kaskon da Inna ta fi sayarwa a wannan wata, na jin ɗumi ne. Ta kan ce wa masu saye su bar taga a buɗe, su fitar da wutar kafin su kwanta. Wasu su ji, wasu su yi dariya.

Kowa da irin gyaran da yake so

Da maganar gyaran madafi ta taso, gidan ya rabu.

'Yar autar Inna, wadda ke karatu a babbar makaranta, ta zo da wayarta cike da hotunan da ta kwaso a Facebook da TikTok. Madafi mai tayil fari tas, da kanta ta siminti, da kwanuka a jere. Har da irin murhun nan na ɗumama falo da ake gani a finafinan Turawa, wanda suke rataya wa safa lokacin Kirsimeti.

"Inna, ki duba wannan. Idan matar Yaya ta shigo ta ga haka, ai sai ta rasa bakin magana."

Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaya a ina ake ɗora tukunyar. Da aka ce mata ba a girki a kansa, sai ta miƙa wayar ta ci gaba da aikinta.

Na yi dariya, amma akwai abu ɗaya a hoton da ya cancanci a kwaikwaya, wato bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Shi ne abin da madafanmu suka rasa. Yawancinsu ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, wani ko taga babu.

Sojan, ta waya, ya ce a kira birkila a zuba siminti, zai turo kuɗi ƙarshen wata. Ƙarshen wata kuwa bayan Kirsimeti ne. Ga shi birkiloli a Disamba sun fi tela wuyar samu, kowa na fenti da faci saboda baƙi. Sannan siminti zalla ba ya jure wuta, yana tsagewa.

Maƙwabcinmu maƙeri ya kawo tasa shawarar: murhun gawayi na ƙarfe, irin wanda yake yankawa daga tsohuwar ganga. Yana da kyau ga shayi da miya da ɗumame, ana iya ɗaukarsa a fita da shi tsakar gida. Amma siririn ƙarfe na zubar da zafi ta jikinsa, kuma wuta na cinye shi cikin ɗan lokaci. Manya za su tuna murhun Abaca, wanda ya yaɗu a shekarun 1990 lokacin da kananzir ya yi wuya. Talakan Najeriya ya daɗe yana ƙirƙirar murhu duk lokacin da makamashi ya gagare shi.

Shawara ta huɗu ita ce mafi araha, kuma ita ce aka fi rainawa: a kewaye duwatsun nan uku da bangon laka.

Ga yadda ake yi. Ana haɗa yumɓu ko ƙasar suri da ɗan yashi, da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa, da kashin shanu. A kwaɓa sosai da ƙafa, a rufe a bar shi 'yan kwanaki ya tsumu. Sai a kafa duwatsu uku, a ɗora ainihin tukunyar da ake girki da ita, a gina bango ya zagaye ta har zuwa wuyanta. Tsakanin tukunya da bango a bar rata kamar kaurin yatsa, ta nan zafi zai bi ya lashi jikin tukunyar kafin ya fita. Tsakanin ƙasa da gindin tukunya a bar kamar taƙi ɗaya. A yanka ƙofa guda ta sa itace. Shi ke nan.

Bangon na tare iska, yana tsare zafi, yana hana tartsatsi tashi, yana hana yaro mai rarrafe faɗawa wuta. Itace biyu ko uku sun isa inda a da ake cusa biyar.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, irin wannan murhu yana rage hayaƙi ne, ba ya kawar da shi. Idan ba a buɗe taga ko an bar rata tsakanin bango da rufi ba, huhun mai girki bai tsira ba. Gas da lantarki sun fi shi tsafta nesa ba kusa ba. Amma shi ne wanda Inna za ta iya mallaka a wannan makon ba tare da ta ci bashi ba.

Abin da aka gwada a wasu wurare

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Jamhuriyar Nijar, bayan farin da ya cinye itatuwa, an yaɗa murahu masu tsimin itace a shekarun 1980, har da na laka da ake kira Albarka da na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi. A Kenya kuma, a daidai wannan lokaci, aka ɓullo da wani murhun gawayi da suke kira jiko, jikinsa ƙarfe, cikinsa gasasshen yumɓu. Ya karɓu ne saboda maƙera da magina na cikin gari ne ke yin sa, suna sayarwa a kasuwa kamar kowace haja, idan ya lalace kuma akwai mai gyara a kusa.

Mu a nan wata hanyar muka bi. A watan Nuwamban 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya, a ƙarƙashin Shugaba Goodluck Jonathan, ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayo murahu 750,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce. Na tambayi Inna ko ta taɓa ganin ko guda, ta ce ita dai sai yau ta ji labari. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta amince da sabuwar manufar ƙasa ta girki mai tsafta.

A ganina, duk manufar da za ta yi aiki a gari irin Zuru sai ta bi ta hannun mutane irin Inna da maƙwabcinta maƙeri. Shi ya iya ƙarfe, ita ta iya yumɓu, tsakanin ƙofarsu bai kai taku talatin ba, amma ba su taɓa haɗa hannu sun yi abu ɗaya ba. Ga Jami'ar Noma ta Tarayya a cikin garin tun 2020. Idan akwai wurin da ya dace a auna wane yumɓu ne ya fi jure wuta, a kuma koya wa magina awon da ya dace, to nan ne.

Yadda ta kaya

Matsalar murhun laka ba kuɗi ba ce, lokaci ne. Yana son kamar mako guda yana bushewa ba a hura masa wuta ba. Mako gudan nan kuwa shi ne wanda gidan ya fi girki a duk shekara. Yumɓun da za a zuba masa kuma, tukwane ne da an sayar.

Inna ta yi kwana biyu ba ta ce komai ba. Rana ta uku da yamma, bayan ta rufe shago, sai na ga ta tattara ragowar yumɓu da fasassun ɗanyun tukwanen da ba su yi ba, ta jiƙa su a tsohuwar randa. Ta aiki yara su ɗebo ƙaiƙayi. Ba ta taɓa tsohon murhun ba. A gefensa ta zana da'ira da yatsa.

Tsarin da ta yi wa kanta shi ne safiya ta tukwane ce, rana ta shago, bayan sallar isha'i kuma na murhu. 'Yar autar ce ke riƙe mata fitilar waya, tana gunaguni.

Na farko bai yi ba. Ta gina shi cikin dare ɗaya, ta bar shi a buɗe, iskar hunturu ta busar da bayansa cikinsa na ɗanye. Kafin kwana biyu ya tsage daga sama har ƙasa. Abin ya ba ta haushi ƙwarai, domin ita ce ke lulluɓe tukwanenta da tsumma saboda wannan dalilin, amma ta manta ta yi wa nata.

"Na mutane nake lallaɓawa," ta ce, "nawa kuwa na yi masa gaggawa."

Ta rushe shi. Na biyu ta ƙara masa ƙaiƙayi, ta gina shi hawa-hawa cikin dare uku, ta rufa masa jiƙaƙƙen buhu. Kullum da safe kafin ta fita sai ta duba, inda ya yi 'yar tsaga ta shafe da ruwan yumɓu.

Wannan ya ci mata wani abu. Randuna biyu da ta yi wa wata malamar makaranta alkawari ba su samu shiga gashin farko ba. Matar ta zo har gida ta yi faɗa, ta karɓi kuɗinta ta tafi. Inna ta ba ta haƙuri, ta raka ta har ƙofa, ta dawo ta zauna shiru na ɗan lokaci.

Sauran gyaran ba su ci komai ba sai ƙarfi. Na hau na fasa 'yar taga a bangon da ke bayan murhu, sama kusa da rufi. Maƙeri ya ba mu tsohon kwano falle biyu bashi, muka cire buhunan. 'Yar autar ta kankare baƙin bango ta shafe shi da farar ƙasa, ta ce ko ba tayil dai a samu na ɗaukar hoto. Tabarmi da fayafayai kuwa an kwashe su kaf daga madafi, an kai zaure. Wannan Inna ba ta jira shawarar kowa ba.

Ranar da aka fara hura sabon murhun, da ƙananan ƙirare aka fara, don ya saba da zafi a hankali. Washegari aka ɗora tuwo. Ya nuna da wuri, tukunyar ba ta motsa ba lokacin tuƙi, kuma Inna ta gama girki idonta a bushe. Tari dai yana nan. Ta yi alkawarin zuwa asibiti bayan biki, alkawarin da na ji ta yi bara.

Wani abu kuma ya fito wanda babu wanda ya yi tunaninsa. Da dare yara suka taru a madafi jin ɗumi kamar yadda suka saba, sai suka tarar sabon murhun ya riƙe zafinsa ya hana su, haskensa ma bai kai fuskokinsu ba. Suka yi ta ƙorafi. Inna ta tashi ta jawo tsofaffin duwatsun nan uku zuwa tsakar gida, nesa da zaure, ta hura musu 'yar wuta da karan dawa. A nan aka yi hirar daren.

Saura kwana uku biki, shagon ya cika da masu saye. Wata mata da ta zo sayen kasko ta nemi ruwan sha, aka ce ta shiga ciki. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito sai ta ce, "Inna, wannan murhun naki, nawa za ki gina min irinsa?"

Inna tana ƙirga canji, ba ta ɗago ba. Ta ce mata ta dawo bayan sabuwar shekara, kafin nan za ta ga ko nata ya tsage.